Gwangwani a Cikin Hula

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Delhi ya kira ni Baba sau huɗu kafin mu kai bakin mota. Ya karɓi jakata, ya tambayi mutanen Funtua kamar jiya ya baro su, ya ce sunansa Alhaji Sale. Na yi shekara arba'in ina hulɗa da dillalan hatsi, na san irin wannan fara'ar tun daga nesa, amma ranar ban gane ta ba. Wanda ya sauko daga jirgi da jakar fitsari ɗaure a cinya ba ya tsayawa binciken fuskar mutumin da ya yi masa Hausa. Daɗi kawai na ji, na bi shi.

Ni manomi ne daga wani ƙauye bayan Gozaki, masara da waken suya nake yi, kuma shekarata sittin da biyu lokacin. Wata bakwai kafin tafiyar, ina sharar gona fitsari ya ƙi fita. Da ma na daɗe ina fama, in tsuguna in yi ta jira ya ɗan ɗiga, ban dai gaya wa kowa ba. Ranar ko ɗigon babu. Aka ɗora ni a babur zuwa Malumfashi ina nishi kamar ba ni ne maigida ba. Likita ya sa mini roba, ya ce akwai wata tsoka a bakin mafitsarar kowane namiji, idan shekaru suka ja takan kumbura ta matse hanya. Tawa ta matse gaba ɗaya. Aka gwada ƙwayoyi, aka cire robar, aka mayar, har sau biyu. Daga nan ya ce sai aiki.

Aiki kuwa na ƙi. Malam Garba, wanda muka yi iyakar gona da shi shekara talatin, an tsaga masa ciki a kan wannan ciwon, kuma ina cikin waɗanda suka karɓi gawarsa a kabari. Sai wani mai sayen masarata a Funtua ya ce a Indiya ba sa yanka, da wani haske suke ƙone tsokar, kwana uku mutum ya miƙe. Na ɗauka abin kamar kai injin ban ruwa wurin makaniki ne, a kwance, a wanke, a ɗaure, ka ɗauki abinka ka tafi.

Da Kabiru, ɗana na uku, aka shirya zan tafi, don shi ne mai surutu da ni. Fasfonsa ya ƙi fitowa. Wanda nasa ke hannu, kuma yake jin Turanci, shi ne ɗan farina.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba, don ban taɓa faɗarsa ba. Yana koyarwa a sakandare a Malumfashi, shekararsa talatin da takwas, 'ya'yansa biyar, saboda haka zan ce da shi Malamin. Tun da aka yaye shi yayana ya ɗauke shi ya riƙe. Mu a wurinmu ba a sakin jiki da ɗan fari. In ya zo gaishe ni, daga bakin zaure yake tsugunawa, ni kuma in amsa ina kallon wani wuri. Uwarsa ta fi ni, ita ko hanyar da ya bi ba ta kallo. Ba ƙi ba ne, kunya ce, da ita muka tashi. Ban yarda da tafiyar ba sai da Alhaji Sale, wanda mai sayen masarar ya haɗa mu da shi, ya rantse ta waya cewa akwai tafinta Bahaushe a asibitin, Malamin ɗaukar jaka kawai zai yi.

Masaukin da ya kai mu bene ne mai hawa huɗu a wani lungu, cike da majinyata baƙi. Ɗaki ɗaya aka ba mu, gado biyu, tsakaninsu bai fi kamu uku ba, ga banɗaki a ciki, ƙofarsa ba ta tare ko tari. Na tsaya da jakata a hannu ina kallon gadajen nan. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, yau ga shi zai ji minsharina. Shi ma na ga kunnuwansa sun yi nauyi. Ya ja gadonsa ya manna da bango. Daga ranar, duk lokacin da ya ga hannuna ya nufi cinyata, sai ya tuna yana da abin yi a waje.

Washegari Alhaji Sale ya ɗauke mu a keke mai ƙafa uku irin namu, ya kai mu asibiti, ya miƙa takarduna ga wata mata a bayan kanta, ya karɓi abin da ya ce ladan tafinta ne. Ya ce mutumin yana hanya, bari ya leƙa ya shigo da shi. Har na bar Indiya ban sake ganin ƙeyar Alhaji Sale ba. Wayarsa ma daga la'asar ta daina shiga.

Aka ɗebi jinina, aka shafa mini wani abu mai sanyi a mara aka duba ciki, sannan aka kira mu wurin likita. Gajeren mutum ne mai furfura, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya yi mini magana, na dube shi. Ya sake, na sake dubansa. Sai ya juya wajen Malamin, wanda ke tsaye a bayana yana ƙirga layin daɓe.

"Baba," in ji Malamin, "wai kafin a sa robar, fitsarin da zafi yake fita?"

"Ba zafi."

"Wai da jini?"

"Babu."

Likitan ya yi wata doguwar magana. Malamin ya ci gaba da kallon daɓe har sai da likitan ya ɗago kai.

"Wai yana tambaya ne, batun iyali."

"Lafiya lau," na ce da sauri.

"Ya ce jibi za a yi aikin. Amma akwai wani magani da kake sha, na asibiti ko na gargajiya? Saiwa, ko gari, ko tsimi. Ya ce ka faɗa komai ƙanƙantarsa, don akwai masu tsinka jini. In aka yi aiki suna jiki, jinin ba ya tsayawa."

"Babu," na ce.

Ƙarya na yi. A ƙasan jakata, cikin wata tsohuwar hula da na naɗe, akwai gwangwani mai hoton zakara a jiki. A kasuwar Kafur na saye shi wata biyu da sa mini roba. Mai maganin ya ja ni bayan rumfa ya ce, "Malam, robar nan ba su gaya maka ba ne, tana kashe jijiya. Ranar da za a cire ta, sai ka tarar kai da matarka kun zama 'yan uwa. Cokali ɗaya a shayi kowace safiya zai riƙe maka ita da rai. Amma ka kiyaye, in ka fasa kwana uku a jere, shi ke nan, ko ni ba ni da yadda zan yi." Tun daga lokacin ban fasa ba. Gari ne ja-ja mai ɗaci da yaji, ban san me ke cikinsa ba, ban kuma tambaya ba.

To ta wane baki zan ce maganin maza nake sha, kuma ta bakin wa zai isa kunnen likita? Matata ɗaya ce, ita ce uwarsa. Na gwammace a yanka ni da wuƙar fawa.

Muka koma masauki. Na zauna bakin gado ina juya maganar. In na daina sha, jijiya ta mutu, in koma gida da fitsari amma ba ni ba. In na ci gaba, jini ya ɓalle a ƙasar da ba wanda ya san sunan ubana. Kowanne na duba sai gabana ya faɗi. Da safe, da Malamin ya sauka sayo burodi, na ciro hular, na zuba rabin cokali maimakon guda. Ban san wa nake yi wa wayo ba, ko mai maganin ko likitan.

Ranar an sake kirana wani gwaji, aka shige da ni ni kaɗai aka bar Malamin da jakunkuna, na fi awa biyu a ciki. Da na fito ban gan shi a kan benci ba. Can sai ga shi ya fito daga ofishin likitan, ya zo ya tsuguna gefena.

"Baba, sun ɗaga aikin."

"Zuwa yaushe?"

"Kwana tara."

"Saboda me?"

"Wai sai jini ya daidaita."

"Me ya sami jinin?"

"Haka dai suka ce."

Da farko na ɗauka gwaji ne ya tona ni. Amma da haka ne ai likita zai tambaye ni, ko ya ce in daina wani abu. Bai ce ba. Da muka shiga sallama, ya dube ni ya daɗe, ya sake tambaya ta bakin Malamin ko har yanzu babu maganin da nake sha. Na ce babu. Ya gyaɗa kai a hankali, ya dafa kafaɗata. Wannan dafawar ta fi komai tayar mini da hankali, don na san lokacin da ake dafa mutum haka.

A ɗakin da ke kusa da namu akwai Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwa daga Maradi, dogo, ya rame har rigarsa na yawo a jikinsa. Shi kaɗai ne a gidan muke jin harshen juna, sai dai Faransanci yake ji ba Turanci ba, ba zai yi mini tafinta ba. Muna zama a baranda da hantsi. Na ba shi labarin ɗaga aikin, ban da gwangwanin.

"Sunka ɗaga?" ya ce. "Mi sunka ce maka?"

"Wai sai jini ya daidaita."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni ma haka sunka ce mini, Malam. Wata biyu ina jiran jini shi daidaita. Sai da ɗiyana yat tahi kasuwa, nis samu wani ya karanta mini takardata. Ciwon daji ne. Kowa ya sani ban da ni mai jikin."

Na ce ni an ce tsoka ce kawai.

"Daga tsokar yaka hwarawa. Kai dai dubi idon yaron naka. In shina kauce maka ido, to ya san abin da ba ka sani ba."

Yaron da ya yi shekara talatin da takwas yana kauce mini ido, ta yaya zan gane na yau ya bambanta da na jiya? Duk da haka na fara lura, kuma mai tsoro ba ya rasa abin gani. Na ga ya rage cin abinci. Na ga in na shigo yana waya sai ya katse. Na kuma san halinmu, ba ma gaya wa majinyaci mutuwarsa. Ni da kaina na zauna gaban Malam Garba ina ce masa jiki ya yi kyau, alhali na ga yadda ƙafafunsa suka kumbura.

Sai kuma ya tsiri zaman kicin. A ƙasan benen akwai wani Basudane mai suna Usman da ke dafa wa majinyata abinci. Allah ya saka wa mutumin nan. Da ya ga ina mayar da shinkafarsu mai yaji yadda aka kawo ta, sai ya fara tuƙa mini wani abu kamar tuwon dawa da miyar kuɓewa, ya hau da shi har hawa na uku da kansa, ya tsaya sai na kai loma baki. Ba ma jin juna, sai alhamdu lillahi da muke musaya. To Malamin sai ya mayar da wurin Usman wajen zamansa, har na fara jin haushi. Malamin makaranta guda, mai 'ya'ya biyar, ya tare a gindin murhu. Na ce a raina guduna yake yi, ba ya iya kallon mutumin da ya san ƙarshensa.

Tun washegarin ɗaga aikin na ji garin ya canja a bakina. Ɗacin na nan, amma yajin ya tafi, ba ya ƙona maƙogwaro kamar da. Na tambayi Alhaji Mamman ko shi yana jin ɗanɗanon abinci.

"Ina hwa," ya ce. "Harshe shi ka hwara mutuwa."

Na koma ɗaki na kwanta na juya wa ƙofa baya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin tsoro irin na wannan makon ba. Na taɓa kwana a daji da shanu, na taɓa faɗawa rijiya, amma can akwai abin da hannu zai yi. Nan kuwa ba abin yi sai sauraren jikina, kowane motsi a mara in ce shi ne. Kuma abin mamaki, duk da haka ban bar gwangwanin ba. Na ma koma cikakken cokali, tunda na ga ƙarfinsa ba ya kai mini. Mutumin da ya gama yarda zai mutu, yana nan yana tattalin abin da zai koma wa matarsa da shi. In na tuna yanzu dariya nake, lokacin kuwa ba abin dariya ba ne.

Wata rana muna baranda aka wuce da gawa a lungun, maza huɗu ɗauke da ita, an lulluɓe ta da furanni. Alhaji Mamman ya ce waɗannan ƙonawa za su yi, haka addininsu yake. Na san akwai Musulmi a garin, har masallaci muke zuwa, amma hankalina bai kwanta ba. Wa zai wanke ni? Wa zai san ta gefen da ake kwantar da ni? Malamin shi kaɗai, da hannunsa, zai cire mini robar nan ya wanke inda ban taɓa bari ko inuwarsa ta gani ba. Na rasa wanda ya fi ba ni tsoro, mutuwar ko wankan.

A masallacin lungun akwai wani tsoho tela. Ranar farko ya ga yadda nake kokawa da ruku'u ina tare cinya, sai ya shiga ya fito da kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahu. Kullum na zo zan tarar da ita a wurin, in wani ya nufe ta sai tsohon ya kore shi da hannu. Ban san sunansa ba, kuma har yau yana cikin addu'ata.

Ranar Juma'a Hajiya, matata, ta kira. Malamin ya miƙa mini wayar ya fita. Ta ce an karye masarar gonar rafi, ta yi kyau, Kabiru na can ana ɓarewa. Ta ce waken suya ya fara bushewa, akuya mai baƙin kunne ta haifi biyu. Ina jin kaji a bayanta, da wata yarinya tana daka. Ƙamshin tsakar gidana a lokacin kaka ya zo mini har cikin hanci.

"Malam, kana jina?"

"Ina ji."

"Yaushe za a yi?"

"Laraba, in Allah ya kai mu."

Sai ta ce, "Wancan da ke tare da kai, yana cin abinci kuwa?"

"Yana ci."

Na so in ce mata ta yafe mini abin da na yi mata a zamanmu. Na fasa, don in na faɗa za ta gane, gidan ya rikice. Na ce a kula da ɓeraye a rumbu.

Ran Litinin aka sake ɗibar jini. Ran Talata aka ce komai ya yi, gobe da safe, kada in ci kada in sha. Na ce a raina, to in daji ne me za su yi wa aiki? Alhaji Mamman ya ce wani lokaci sukan buɗe ne don su ga iya inda ya kai. Sai tsoron farko ya dawo ya hau kan na biyu. Kwana tara ina ɗirka wa cikina abin da likita ya ce yana hana jini tsayawa, cikakken cokali, har safiyar nan ta Talata.

Laraba da hantsi aka tuɓe ni aka sa mini wata riga mai ɗauri ta baya, aka kwantar da ni a gado mai taya. Nas biyu suna turawa, Malamin na biye da takalmana a hannu. Ina kallon fitilun rufi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na karanta abin da na iya. Sai fuskar Malam Garba ta zo mini, yadda ta yi fari lokacin da muka buɗe likkafani don a ɗora kuncinsa a ƙasa. Aka iso wata ƙofa mai murfi biyu, wata nas ta ɗaga wa Malamin hannu alamar nan ne iyakarsa.

Na damƙi bakin ƙofar. Suka tura, na ƙi saki.

"Kai," na ce, "kira mini likitan."

Aka kira shi, ya fito da koren kaya, an rufe masa baki da hanci. Ban dubi kowa ba, rufi na duba.

"Gaya masa na yi ƙarya. Akwai garin da nake sha, wata biyar ke nan, har jiya da safe. Yana cikin tsohuwar hula a jakata." Na haɗiyi yawu, babu yawun. "Maganin maza ne."

Na jira in ji Turanci. Shiru.

"Ka gaya masa mana."

Shiru.

Raina ya ɓaci, ga tsoro. "Kunya za ka tsaya ji har jinina ya ƙare? Ni da na faɗa ba ni da ita ne?"

Ya juya ya fuskanci bango, takalmana na rungume a ƙirjinsa. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Ya sani, Baba."

"Ya san me?"

"Tun ranar da aka shige da kai gwaji na kai masa. Na ga gwangwanin da safen, da na dawo da burodi ba ka gama naɗe hular ba. Shi ya sa aka ɗaga, don ya fita daga jikinka."

"Ai ban daina sha ba."

"Na sani. Na san ba za ka daina ba. Wanda ke ciki yanzu garin alkama ne, ni na soya shi a kaskon Usman har ya yi ja. Ɗacin kuma ganyen shayi ne na daka."

Na saki ƙofar ban san na saka ba.

"Dajin fa?"

"Wane daji?" Ya ɗan waiwayo, karo na farko na ga idonsa sosai, ya yi ja. "Babu daji, Baba. An duba, babu. Wa ya ce maka daji?"

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Ta ina zan fara?"

Likitan ya tambaye shi abin da ke faruwa, ya amsa a taƙaice. Likitan ya sunkuyo ya yi mini magana a hankali, Malamin ya sake komawa ga bangonsa ya fassara.

"Ya ce roba ba ta kashe komai, garin nan ma ba ya raya komai. Ya ce jininka yanzu lafiya lau. Sauran bayanin, na abin da zai canja bayan aiki da wanda ba zai canja ba, akwai wani likita mutumin Nijar da ke ƙarin karatu a nan, na roƙa ya zo ya yi maka shi da Hausa. Ni a waje zan tsaya."

Aka tura ni ciki. Ba abin da nake so lokacin kamar allurar barci, a yi sauri a kashe mini fitilar kai in huta da abin da na ji. Sai aka zaunar da ni aka yi mini allura a gadon baya. Daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, sama kuwa ras, idona biyu. Aka sa labule a kan ƙirjina, suna can suna aikinsu ina jin ƙarar na'ura, ni kuma ina kwance ina kallonsa a raina, tsugune gaban murhun Basudane da cokali a hannu, yana juya alkama, yana gwada launinta da na garin zakara. Ya san ko na mene ne, ya san don wa nake sha. Kwana tara yana fita sayo burodi yana jinkiri a matakala don in gama shan alkamata a tsanake. Hawaye suka gangaro mini cikin kunnuwa. Wata nas ta ɗauka zafi nake ji, ta yi ta tambayata da hannu, na yi ta girgiza kai.

Ba a yanka ni ba, jini kuma ya tsaya yadda ake so. Likitan Nijar ya zo washegari, ya ja kujera ya yi mini bayani dalla-dalla, na tambaye shi abin da na yi wata bakwai ina son tambaya. Amsar tsakanina da shi ce. Abin da zan ce kawai, mai rumfar Kafur ya ci alhakina.

A kwana na uku da safe aka cire robar, aka ce in sha ruwa da yawa in jira. Malamin ya jera mini gora uku a kan tebur ya fita baranda, ya jawo ƙofa bai rufe duka ba. Na sha, na jira. Wajen azahar na ji mara ta cika. Na shiga banɗaki, na tsuguna, tsohon tsoron ya taso, in ya ƙi fa? Sai ya zo. Da zafi, da ɗan ja a ciki, amma ya zo da ƙarfin da na manta akwai irinsa, yana dukan tangaran da ƙara. Ƙofar banɗakin nan ma ba ta tare sauti, kuma ranar ban damu ba.

Na wanke, na fito, na zauna bakin gado. Ta ƙasan ƙofar baranda ina ganin inuwar ƙafafunsa, bai motsa ba. Na daɗe ina neman abin da zan ce da yadda zan ce shi. Daga ƙarshe na dubi taga na yi magana, kamar da kaina nake.

"Allah ya yi wa mai suyar alkama albarka."

Inuwar ta ɗan motsa. Na ji ya ja hanci sau biyu.

"Amin, Baba," ya ce daga bayan ƙofa.